Za a Hau Rufin Turawa

Ni dai tun farko ban ga amfanin abin ba. A ce yarinya ta yi shekara da shekaru tana karatun kwamfuta, kullum sammako, sannan aikinta na kammala makaranta ya zama wani ɗan mutum mai lema yana tsalle-tsalle a cikin allo? Na ce mata, “Khairiyya, wannan shi ne ilimin?” Ta ce wai gem ne, wasan kwamfuta, kuma ita ta gina shi da kanta tun daga tushe. Na ce to Allah ya sa alheri, amma tashi ki ɗora mana ruwan tuwo.

Khairiyya ita ce autarmu, ita kaɗai ta rage a gabanmu nan Kazaure, yayyenta duk sun watse, wannan Babura, wancan Kano. Ni ce Halima Sa'adiyya, a unguwa Hajiya Sa'a. Maigidana kuwa, sunansa ba a bakina za ku ji shi ba, Alhaji nake ce masa. A farkon bazarar nan hawan jini ya kayar da shi a ƙofar masallaci. Allah ya taƙaita, ƙafa ta dawo yana jan ta da sanda, baki ma ya miƙe, sai dai magana da nauyi take fita, shi ya sa ya rage yin ta. Hannun hagu ne ya ƙi. Yana nan kan cinyarsa a dunƙule, kamar an ba shi ajiya an ce kada ya saki.

Duk wanda ya zo dubiya sai ya ce, “Alhamdu lillahi, ai hagu ce.” Wallahi maganar nan tana ƙona mini rai. Hagu ce, to sai me? Ba su san aikin da hagu ke yi wa mutum ba sai ranar da ta ajiye shi. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana aikin filaye a ƙaramar hukuma, wanda in ya yi gyaran murya a zaure yara ke nutsuwa, yau in zai zaga bayan gida ni ke ɗaukar buta in bi shi, ni ke yi masa abin da hagu ke yi. Ni bai dame ni ba, mijina ne. Shi ne abin ke ci. In mun fito ba ya iya kallon idona. Ya rage cin abinci, ya rage shan ruwa, don dai kada tafiyar ta yawaita, har wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Akwai wata ma'aikaciyar gashin ƙashi, Dorkas, 'yar kudancin Kaduna ce amma ta daɗe a garin nan, takan zo a adaidaita sahu ta yi masa tausa. Ita ba ta iya kwana-kwana ba. Ta riƙe hannun ta ce, “Baba, ba zan ɓoye maka ba. Yatsun nan in ba kai ka motsa su da kanka ba, za su ƙage a haka. In suka ƙage, ni da tausata ba mu da abin yi. Yanzu ne lokacinsu, kafin damina ta fita.” Ta ba shi wani ɗan ƙwallon roba ta ce ya dinga matsawa. Tana fita ya sa sanda ya tura shi ƙarƙashin gado.

“Ni ba jariri ba ne,” in ji shi.

Na yi faɗa, na yi lallashi, na yi kuka a kicin. Ƙwallo dai yana ƙarƙashin gado yana tara yanar gizo.

Wata rana da hantsi Khairiyya ta jona kwamfutarta da talabijin ɗin falo, wai tana son ganin aikinta a babban allo. Alhaji yana kan kujerarsa, ni ina tsince shinkafa a faranti. Na ɗaga kai don in yi mata tsawa ta rage ƙara, sai idona ya maƙale. Gari ne guda a cikin allon. Gidaje dogaye sirara manne da juna, wannan ruwan ƙwai, wancan ruwan hoda, kowanne da jan rufi mai tsini da bututun hayaƙi a kansa. Titi an shimfiɗe shi da ƙananan duwatsu, ruwa ya ratsa tsakiyar gari da 'yan kwale-kwale a kai, ana yayyafi ba tsayawa. Can nesa ga wata doguwar hasumiya da ƙaton agogo a goshinta.

“Wane gari ne wannan?” Alhaji ne ya tambaya. Sai da na waiwaya, don rabon da ya fara magana da kansa har na manta.

“Ba kowane gari ba ne, Baba,” in ji Khairiyya. “Hotunan garuruwan Turai na tattaro, na ɗauki rufin wannan, na ɗauki gadar wancan.”

“Kin taɓa zuwa?”

“Haba Baba, ni da ko Abuja ban taɓa zuwa ba.”

Ta yi masa bayani cewa agogon garin ne ya tsaya, shi kuma mai lemar nan zai ratsa garin yana tsallake ramuka da ganguna har ya kai hasumiya ya tayar da shi. Ni kuma tambayoyi suka cika mini ciki. Na ce, “To su mutanen nan ba su da zaure? Ƙofa a bakin titi, baƙo ya zo sai tsakiyar ɗaki? Ina suke girki? Ina suke shanya, ga ruwa ba ya ɗaukewa?” Ta ce, “Umma, sai an kai ƙarshe ake ganin bayan gidajen.” Na ce to kai mu ƙarshen mana. Ta yi dariya ta ce ai ba a haka ake yi ba, sai mutum ya buga.

Alhaji ya miƙa hannun dama. “Kawo in gani.”

Abin bugawar wani ɗan baƙin abu ne na roba mai ƙaho biyu, da maɓallai dama da hagu. Nan take ta gyara masa shi yadda tafiya da tsalle duk za su koma ɓangaren dama, ta ɗora masa a cinya. Dannawar farko mai lema ya zarce cikin ruwa, tsundum! Alhaji ya yi wata 'yar dariya ta gefen baki. Ni kuwa shinkafar da na tsince da wadda ban tsince ba duk na haɗe su.

Daga ranar falo ya zama wurin aiki. In ya idar da walha sai ya ce a kunna masa garin. Ya koyi tsallake ganguna, ya koyi jiran kwale-kwale ya zo daidai kafin ya dira. Amma shi ba ya sauri, kowane gida sai ya tsaya ya ƙare masa kallo, aikin filayen bai sake shi ba. “Wannan ya ci hanya,” zai ce. “Wannan kuma ina ruwan rufinsa ke zuba? Kan maƙwabci?” Ni ma nakan ajiye aikina in zo in tsaya, in ce ya leƙa mini shagon burodin can, ko ya bi wancan lungun mu ga inda ya ɓulle.

Sai da ya kai bakin babbar gada aka samu matsala. Gadar a ɗage take don jirgi ya wuce, babu hanya ta ƙasa. Ga tsani jingine da wani gida.

“Yanzu sai ka hau tsanin, Baba,” in ji Khairiyya. “Daga nan har hasumiya ta kan rufi ake bi.”

Ya ɗauke hannunsa daga maɓalli. “Rufin wa?”

“Rufin gidajen mana.”

“An gaya wa masu gidan?”

Khairiyya ta dube ni, na dube ta. Ta ce, “Baba, babu kowa a ciki, zane ne.”

“Ga hayaƙi yana fita ta bututu. Ga fitila a taga. Wa ya kunna?” Ya ture abin bugawar gefe. “Ba na hawa rufin mutane ban yi sanarwa ba.”

Wanda bai san Alhaji ba zai ɗauka wasa yake. A garin nan, in magini zai hau gyaran kwano ko katanga, sai an ɗaga murya an sanar da maƙwabta, don matan da ke tsakar gida su kimtsa ko su shiga ɗaki. To shi Alhaji a kan wannan ya yi suna. Tagogin bene nawa ya sa aka toshe saboda suna kallon tsakar gidan wasu? Har da na wani ɗan kwangila da ya daina gaishe shi sai da suka haɗu a Makka. Ko kajinmu ne suka haye katanga, ba ya barin a sa tsani sai ya tsaya ya yi kira da kansa.

Raina ya ɓaci. Na ce, “Alhaji, don girman Allah! Turawa ne fa, kuma na ƙarya! Su da ke yawo da gajeren wando a titi, wane kimtsi za su yi?”

“Ko na ƙarya ne, gidansu ne,” ya ce, ya juya fuska bango.

Ya koma gidan jiya. Ba ya cewa a kunna, ba ya magana, abinci sai ya tsakura. Amma na lura in Khairiyya tana aikinta a falo, idonsa na kan hasumiyar nan. Ni kaina abin ya tsaya mini a rai, har ina wanke-wanke ina tunanin me ke bayan gidajen. Na ce wa Khairiyya ta buga da kanta ta nuna mini, ta ƙi, wai sai Baba ya kai mu. Yarinyar nan taurin kan ubanta ta kwaso kaf.

Da Dorkas ta zo, na ga Khairiyya ta raka ta har zaure suna ƙus-ƙus, Dorkas tana nuna mata babban yatsan hagu tana lanƙwasa shi. Ban tambaya ba. Khairiyya ta shige ɗaki ta duƙufa kan kwamfuta, ko tuwo na kira ta sai ta ce tana zuwa. Bayan 'yan kwanaki ta fito bayan la'asar ta durƙusa gaban ubanta.

“Baba, ka yi gaskiya, na gyara. Yanzu mai lema ba zai iya hawa ba sai ya yi sanarwa. Ga maɓallin sanarwar nan.”

Ta nuna masa. Maɓallin yana can ƙarshen ƙahon hagu.

Ya dube ta ya daɗe. Ya kai hannun dama ya danna. Mai lema ya ɗaga kai sama, wata siririyar murya ta fito daga talabijin, muryar Khairiyya ce ta naɗa: “Za a hau sama, a kimtsa!” Tagogin gidan suka rufe ɗaya bayan ɗaya, ƙaf, ƙaf, ƙaf. Amma yana ɗauke yatsa don ya danna tsalle, tagogi suka sake buɗewa, mai lema ya tsaya ƙyam a gindin tsani.

“Sai kana danne da shi za ka yi tsallen, Baba. Ɗaya na riƙe, ɗaya na tsalle.”

“Mayar da shi dama.”

“Dama ta cika, babu wuri,” ta ce, ko ƙifta ido ba ta yi ba. Allah na tuba, ƙarya take, ni ma da ban san kwamfuta ba na gane. Shi ma ya gane. Na zaci zai yi jifa da abin.

Sai ya ce, “Kuma tun yaushe mace ke yin sanarwar hawa? Kashe muryar nan.”

Ta kashe. Ya sa hannun dama ya ɗauko na hagu kamar mai ɗauko ɗan tsako, ya ɗora shi kan ƙahon. Yatsan ya zame. Ya sake ɗorawa, ya sake zamewa. Gumi ya tsattsafo masa a goshi, jijiyar wuyansa ta tashi. Na matso zan taimaka, Khairiyya ta riƙe mini zani. Ni dai ina tsaye ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina, idona kan yatsan nan. Can sai na ga ya ɗan lanƙwasa, kaɗan, ya nutsa cikin maɓallin. Mai lema ya ɗaga kai. Alhaji ya ja numfashi ya buɗe murya, irin muryar da na sani tun ina amarya:

“Salamu alaikum! Za a hau sama! A kimtsa!”

Tagogin Turawa suka rufe. Ya danna tsalle, mai lema ya kama tsani ya haye.

Ba mu gama murna ba muka ji gidan maƙwabta ya kaure. Kwanuka na faɗuwa, ana kiran yara, wata na cewa miƙo mini hijabi, ƙofa ta yi garam. Jim kaɗan sai ga Dela maƙwabciyarmu ta faɗo mana ko sallamar kirki babu, hijabi a bai-bai, hannu duk kumfar sabulu.

“Hajiya Sa'a, wa zai hau? Wanki nake, na kwashe 'yan mata mun cushe a ɗaki, mun yi ta jira ba mu ji motsin tsani ba!”

Na nuna mata talabijin. Ta dubi mai lema tsaye kan jan rufi, ta dubi Alhaji, ta dubi hannunsa na hagu kan abin bugawa. Sai ta rufe baki da hannun kumfar. “Muryar Alhaji ce? Ikon Allah! Wallahi na ce a raina wannan kamar Alhaji, sai na ce ina, ai shi ba ya magana.” Ta fashe da kuka, ta fashe da dariya, ta zauna a hannun kujera ta ce to ita ma sai ta ga inda za a je.

Kada ku ɗauka daga ranar komai ya warware. Rufin garin nan da yawa, kuma Khairiyya, don mugunta, kowane gida sai an sake sanarwa. Wata rana yatsan ya yi gardama, mai lema ya yi ta zamewa daga kan bututun hayaƙi yana faɗowa titi, Alhaji ya yi fushi ya ce a kashe. Washegari kuma tun ban kwashe kwanukan koko ba zai ce a kunna. Da babban yatsa ya saba, sai aka wayi gari buɗe lemar ma ya koma hagu, wai sai da manuni. Dorkas in ta zo sai ta murza yatsun tana gyaɗa kai, ba ta ƙara tambayar ƙwallo ba. Gidan Dela kuwa sun daina gudu, in sun ji kira sai wata ta amsa ta kan katanga, “An kimtsa, Alhaji, a hau lafiya!”

Ana fara yankan gero ya kai hasumiya. Ranar Dela na nan, ni ma na bar miya a wuta. Ya hau matakalar da ke nannaɗe a ciki, ya yi tsalle ya kama igiya, agogo ya motsa, ƙararrawa ta buga. Sai allon ya ja baya a hankali, gari ya bayyana daga sama, har bayan gidajen da muka daɗe muna son gani.

Na matsa kusa da talabijin. Bayan kowane dogon gida akwai fili kewaye da katanga. Ga igiyar shanya da zannuwa a kai. Ga murhu mai duwatsu uku. Ga turmi a kife, ga randa a gindin bishiya, har da akuya ɗaure a turke. A wani gidan ma ga wata mata zaune kan tabarma tana yi wa yarinya kitso.

Dela ta ce, “Laa! Ashe Turawa ma suna daka?”

Khairiyya ta sunkuyar da kai tana dariya. “Hotunan duk gaban gida suke nunawa. Na nema na nema ban ga bayan ba, sai na sa abin da na sani.”

Alhaji bai yi dariya ba. Ya nuna mai kitson da haɓa, ya dube ni. “Kin gani? Kuka ce babu kowa. Da na hau haka kawai fa?”

Na ce, “Ka yi gaskiya, Alhaji.” Ban cika faɗa masa haka ba, amma ranar na faɗa.

Miyata ta kama, na ruga kicin ina salati. Ina cikin kankare tukunya na ji ƙarar sandarsa a tsakar gida, ya nufi bayan gida. Na ajiye cokali na ɗauraye hannu, na je gindin famfo na cika buta kamar kullum, na biyo shi. A bakin ƙofa ya tsaya ya jingine sandar da bango. Ya karɓi butar da dama. Ya ɗaga hagu ya kama marikin ƙofar, da ƙyar yatsun suka buɗe, amma sun kama.

Ya dube ni cikin ido, abin da ya daɗe bai yi ba a wannan wurin.

“Sa'a, koma kan miyarki,” ya ce.

Ya shiga ya ja ƙofar. Ban koma ba. Na zauna kan turmi na sa bakin zani na toshe bakina don kada ya ji ni, ina sauraron ruwa yana zuba.